Akurkin Kakata da Kejin Bayan Ɗakina

A gidan da na tashi, a wani ƙauye na ƙasar Kano tsakanin Bichi da Ɗambatta, cikin shekarun 1960, idan aka ce wane yana da kiwo, to shanu ake nufi, ko tumaki, ko aƙalla awaki. Amma kaza, ko da yake babu gidan da za ka yi sallama ba ka iske ta tana tono a bakin zaure ba, ba a sa ta cikin lissafin dukiya, domin an ɗauke ta abin mata da yara, wanda ba ya bukatar wani tadbiri da ya wuce a buɗe masa da asuba a rufe da almuru. Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta ya kyautata makwancinta, tana da akurki biyu na laka a gindin rumbun gero, kowanne da 'yar ƙofa wadda hannu ɗaya ke shiga, ana toshe ta da fasasshen dutsen niƙa. Kuma tun ina ɗan shekara shida aka danƙa mini amanar wannan dutse. Da zarar liman ya sallame sallar asuba sai in ji muryarta daga ɗaki tana cewa, "Maigida, tashi ka saki bayin Allah, kada su kai ƙararmu," ni kuwa in fito ina rawar ɗari in gusar da dutsen, zakara ya fara fitowa yana miƙa wuya kamar mai duba lafiyar gari, sa'an nan matan su biyo shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ban fahimta ba a wancan lokaci, sai da na manyanta na gina gidan kaina a birni, shi ne cewa garin ne gaba ɗayansa ke ciyar da kajin nan, kakata kuwa suna kawai ta ɗauka. A kowane gida akwai turmi, kuma tun daga sussuka har surfe da bakace da tankaɗe babu inda tsaba ko tsaki ko dusa ba sa zuba ƙasa. A bayan kowane gida akwai juji da turken dabbobi, inda tsutsa da ƙwari suke. A gindin kowace danga ta kara akwai gara. In ruwan farko ya sauka gina ta tashi, in kaka ta yi fara ta cika saura. Saboda haka kaza takan fita da hantsi cikinta wayam ta komo da la'asar sakaliya a ƙoshe, ba a kashe mata ko anini ba, illa iyaka 'yar dusar da ake damawa da ruwan tsari a zuba a kasko domin su san gida. Ita kuwa, da wannan 'yar ɗawainiya, ita ce ke fitar da mu kunyar baƙo, ita ce farfesun maijego, ita ce kuɗin Laraba na malaminmu na allo da kananzir na fitila. Kuma na san akuyar da kakata ta saya da kuɗin dakwale huɗu da zakara guda, wadda 'ya'yanta da jikokinta suka yi wa 'yan'uwana mata kayan ɗaki.

Sai dai wanda zai yi waiwaye wajibi ne ya yi adalci, kada daɗin tuna ƙuruciya ya sa shi ya rufe ido ga asarar da ake tafkawa. Kaza takan ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma ko goma sha biyu, ta fito da su tana taƙama, amma kafin su yi wata biyu sai ka ƙirga ka ga uku ko huɗu: shirwa ta sure wasu, shaho ya ɗauki rabonsa, muzuru da tunku sun biyo dare, wasu sun faɗa kwatami, wasu kuma raɓar safiya ta jiƙa su sanyi ya kashe. Wannan duk da sauƙi, in aka kwatanta da abin da hunturu ke zuwa da shi. Da iskar arewa ta fara kaɗawa, hazo ya rufe rana, sai labari ya zo cewa ciwon kaji ya shiga ƙauye kaza. Kwana kaɗan sai ka ga taka ta tsaya a gindin bango ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa mayafi, tana gyangyaɗi, tana buɗe baki da ƙyar, kashinta ya koma kore, wadda ta jima kuwa wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Kakata takan jiƙa ɓawon maɗaci, ta daka barkono ta zuba a kasko, ta kama su ɗaya ɗaya tana ɗura musu. Amma ban taɓa ganin wannan ya tsayar da annobar ba. Wata shekara, daga kaji fiye da talatin, tsohuwar kaza guda ce ta rage mana, na kuma ga kakata zaune a bakin akurki da dutsen a hannunta, ba abin da za ta toshe a ciki, tana maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutane suna cewa iska ce, ƙaddara ce ta shekara. Ba wanda ya san akwai sababin da ɗan Adam zai iya riƙa.

Yau kuwa gidana ƙafa hamsin ne a hamsin, katanga ta kewaye shi, tsakar gida siminti, hatsi a inji ake kai shi ya dawo gari a buhu, turmin gidan ma sai jajjage ake yi a ciki. Kazar da aka saka a unguwa irin tamu, abin da za ta samu shi ne ruwan kwata da leda, in ta tsira daga babur da ɓarawo da fushin maƙwabcin da ta tone wa shuka. Dole ta sa muka tsare su a keji. Kuma a nan ne, a ganina, asalin canjin yake, domin duk abin da ƙasa ke ba kaza kyauta a da, yanzu ya koma wuyan mai ita. Malamanmu sun karantar da mu hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta cikin ƙananan halittun ƙasa ba. Kuma ban taɓa tsayawa a gaban kejina da safe ba face wannan hadisi ya faɗo mini a rai. Wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai, to cinsa da shansa da inuwarsa da tsabtar makwancinsa sun zama haƙƙi a kansa, wanda za a tambaye shi. Amma na jarraba na gani cewa wannan haƙƙi ba ya nauyi ga wanda ya san abin da zai fara da shi. Masu cewa kiwon kaji wahala ne, galibinsu aikin da ya kamata a yi a kan kari ne suka bari sai da ya zama gyaran ɓarna.

Ni kaina da asara na koya. A shekarar farko da na tare, ina da kaji goma sha biyar lafiyayyu, sai tafiya ta kai ni wata kasuwar ƙauye cikin watan Janairu, na iske ana sayar da zakaru da araha ƙwarai, na sayi wani ja mai kyan tsayi, na zo da shi da magariba na jefa cikin sauran. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin arahar ba, alhali kuwa dalilin a fili yake: in ciwo ya shiga ƙauye, kowa yakan kwashi nasa ya yi kasuwa da su kafin su mutu a hannunsa. Kwana goma ba su cika ba sai da na haƙa rami na binne goma sha uku. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina sharaɗi: duk tsuntsun da ya shigo gidana, saye ne ko kyauta, ko wanda aka kai kasuwa bai sayu ba aka dawo da shi, sai ya yi mako biyu shi kaɗai a ƙarƙashin kwando a wani lungu, da kaskonsa daban, kafin ya ga 'yan'uwansa, kuma ba na sayen kaza cikin hunturu ko da za a ba ni a rabin kuɗi.

A sanadin wannan musiba ne wani malamin dabbobi ya zaunar da ni ya warware mini abin da kakata ta rasu ba ta sani ba. Ciwon nan, in ji shi, likitoci na kiransa Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane shi a 1926, shekarar da aka kuma gan shi a tsibirin Jawa. Ƙwayar cutarsa irin wadda ake kira bairos ce, saboda haka kafso ja da rawaya da mutane ke ɓarewa a ruwan kaji ba ya taɓa ta ko kaɗan, asarar kuɗi ce kawai. Magani babu, amma rigakafi akwai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin irinsa da dama, daga ciki har da wanda ake kira I-2, wanda masana na Jami'ar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya suka samar musamman domin kajin karkara, saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo guda ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita duk bayan wata uku ko huɗu. Sharuɗɗansa kaɗan ne, amma ba a wasa da su: lafiyayya ake yi wa, domin wadda ta riga ta kamu ba ya tashinta, yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, don haka a watan Oktoba ya kamata a yi, tun iska ba ta juya ba, kuma ko da an ce yana jure zafi, a riƙe kwalbar a inuwa cikin jiƙaƙƙen tsumma, in an haɗa ta da ruwa kuma a ƙarar da ita, kada a ajiye ta kwana da kwanaki. Da yake kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, mu gida shida ne a layinmu muke haɗa kuɗi mu saya, mu zaga da ita da sanyin safiya; fa'idar haka biyu ce, kuɗin ya yi sauƙi, kuma kazar maƙwabci ba ta zama ƙofar ciwo ba. Na taɓa jin wani dattijo yana cewa wannan shisshigi ne cikin hukuncin Ubangiji, na kuwa tuna masa, cikin ladabi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali.

Bayan rigakafi, babu inda ƙaramin ƙoƙari ke haifar da babbar riba kamar wajen 'yan tsaki, kuma a nan yawancin hikimar ta kakata ce, gyara kaɗan na yi mata. Ita ce ta koya mini cewa ba a barin kaza ta kwanta a kan duk abin da ta tara: a zaɓi ƙwai goma ko goma sha biyu, gwargwadon abin da fukafukanta za su rufe, sababbi waɗanda ba su wuce mako guda ko kwana goma ba, a yi wa kowanne zane da gawayi, domin in wata ta saɗaɗo ta ƙara nata a gurbin a gane shi a cire. Takan zuba toka a ƙasan gurbi kafin ta shimfiɗa ciyawa, saboda ƙuma da ƙwarƙwata, waɗanda in suka dami mai kwanci sai ta tashi ta bar ƙwai ya huce; ni na ƙara da busasshen ganyen darbejiya. Kwana 21 kaza ke yi ta ƙyanƙyashe nata, na zabuwa kuwa yana kai kwana 26 zuwa 28, shi ya sa in damina ta yi, zabi suka fara zuba ƙwai a saura, kakata kan riga sa na zabin da mako guda sa'an nan ta ƙara na kazar, su fito rana ɗaya. Abin da zamani ya ƙara mini shi ne tocilar wayar hannu: a dare na bakwai zuwa na goma nakan ɗauki ƙwan ɗaya ɗaya in ɗora a kan hasken cikin duhu, mai rai sai ka ga jijiyoyi ja sun bazu a cikinsa kamar saiwa, wanda ba kome kuwa sai ya yi fayau, in cire shi tun bai zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran ba.

In 'yan tsakin sun fito, ba na barin uwar ta ja su yawo. Nakan kifa musu babban kwando ko ɗan keji mai raga, wanda ake ɗagawa a sauya masa wuri, su yi mako huɗu zuwa shida a ciki tare da ita, a fitar da su hantsi in raɓa ta bushe, a mayar inuwa in rana ta take. Wannan kaɗai ya sa daga goma nakan tashi takwas ko tara, a inda kakata ke tashin uku. Abincinsu tsakin gero ko na masara ne, da ɗan abin gina jiki, wato tunkuza ko waken suya da aka soya aka niƙa, domin ɗanyensa yana cutar da su. In kuwa da hali a sayi mudu biyu na abincin 'yan tsaki na kanti, ya ishe su makonnin farko. Gara ma ana iya kama musu: a cika tsohuwar tukunya da guntayen kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a inda gara ke bi, da safe a kwance musu; amma a yi wannan a kango ko gona, nesa da gini, kada a kira wa rufin ɗaki baƙin da ba su tafiya.

Ruwa kuwa shi ne abin da aka fi yi wa gafala. Ana cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to kaskon nan ya kamata a wanke shi kullum, a zuba tsakuwa a ciki in akwai ƙanana don kada su nutse ko su jiƙe, a ajiye shi a inuwa. Cikin bazara kuma, lokacin da zafin Kano ke kai awo 40, a sauya ruwan da azahar, domin kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, kuma in ruwa ya yi ɗumi sai ta ƙi sha, in ta ƙi sha ta daina ci, ƙwai ya tsaya. Manyan, dusa da ragowar tuwo da ganyen zogale ko na rama da ake rataye musu su yi ta tsattsaga sun ishe su, tare da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, saboda ƙwarin ɓawon wanda za su saka. Abin da na hana a gidana shi ne zuba musu hatsin da ya yi fumfuna da sunan kada a yi asara.

Game da makwanci, a nan ne na saɓa wa kakata. Akurkin laka yana da ɗumi da dare da sanyi da rana, amma tsintsiya ba ta shiga cikinsa, iska ba ta ratsa shi, kuma tsagogin bangonsa maɓoyar kaska ce da ƙuma. Abin da take yi shi ne ta cusa ciyawa ta kunna wuta a ciki sau ɗaya ko biyu a shekara. Nawa keji na ɗaga shi daga ƙasa kamu biyu, na yi masa ƙofa babba wadda zan sa hannu da tsintsiya har ƙurya, na juya bayansa gabas, domin daga can hadari ke tasowa, daga arewa maso gabas kuma iskar hunturu ke busowa. Na gitta sanduna a ciki, tun da ɗabi'ar kaza ce ta kwana a sama, na shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa, wanda nake kwashewa da zarar ya jiƙe, saboda danshi ne ke kawo kashin jini. A gefe guda akwai tsohon kwano cike da toka da yashi inda suke birgima, shi ne wankansu. Abin da na kwashe kuwa ba ya zuwa bola: nakan tara shi ya ruɓe tukuna, domin ɗanyensa yana ƙona shuka, sa'an nan in zuba wa zogale da 'yan tumatir na bayan ɗaki. Har ta fuskar fiƙihu tsarewar tana da maslaha, domin a mazhabarmu ta Malikiyya kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne matuƙar ba ya cin najasa, kazar da ke yawo a kwata kuwa ba wanda zai yi mata wannan shaida.

Irin kajin ma ya sauya a idonmu. Muna samari, zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976, aka yi ta kwaɗaita wa ma'aikata su ajiye kajin Turawa a bayan gida. Daga baya cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da ShikaBrown mai ƙwai, yanzu kuma ga Noiler ta cika kasuwa, ga farare na nama da ke isa yanka cikin mako shida zuwa takwas. Ba na musun alherinsu: kazar gidan gona tana iya yin ƙwai kusan 300 a shekara, alhali ta Hausa da ƙyar take wuce 50. Amma wancan ƙwai da buhun abinci ake sayensa, ranar da buhu ya yi tsada kuwa sai ka ga keji ya koma wurin ajiye tarkace. Kuma galibinsu ba su kwanci, ba su san reno ba, kullum sai ka koma wurin mai inji ka sayo 'yan kwana ɗaya. Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya fara da na Hausa biyar da zakara guda, in ya ga hannunsa ya faɗa ya ƙara 'yan na zamani saboda ƙwan yara, amma kada ya rabu da uwa mai kwanci, domin ina jin tsoron ranar da za a neme ta a ƙauyukanmu a rasa.

Akwai kuma abu guda na al'ada da na daina ɗungum, wato gaggawar yanka kazar da ta nuna alamar ciwo don kada ta zama mushe. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, ta bazu zuwa Kano, ta tsallaka har Magariya a Jamhuriyar Nijar, muka ga ana haƙa ramuka ana binne kaji dubbai. Kuma tun da alamunta na kama da na ciwon hunturu, ita kuwa tana iya kama mutum, na hana iyalina fige marar lafiya ko barin yara su yi wasa da ita. A ware ta, wadda ta mutu a binne ta da zurfi, a wanke hannu da sabulu, in mutuwar ta yi yawa a kira malamin dabbobi.

A Oktoban da ya wuce, ranar da kwalbar rigakafin ta zagayo gidanmu, jikata 'yar shekara bakwai ce ta riƙe mini kajin. Na nuna mata yadda ake haɗa ƙafafu a hannu ɗaya, a danne fukafukai a ƙirji, a karkatar da kan, a jira sai ɗigon ya shige idon kaza ta ƙifta kafin a sake ta. Da muka zo kan wata baƙa mai wake-wake, wadda ta ƙyanƙyashe mana sau uku a bana, sai ta ce, "Kaka, wannan tawa ce ko?" Na ce, "Taki ce, amarya, in dai ke za ki riƙa wanke musu kasko." Ta ɗauko wani jan ƙyalle daga kwandon ɗinkin uwarta, na ɗaura wa kazar a fiffike kamar yadda ake yi a ƙauyenmu, muka sake ta, muka kama ta gaba.